Taƙaitaccen Tarihin Fritz Ullmann, Masanin Haɗa Sinadarai (1875-1939)

Gabatarwa

Mai karatu zai yi mamakin ganin tarihin wani Bajamushe masanin kimiyya a mujallar da aka saba karanta tarihin mawaƙa da marubuta. Dalili kuwa shi ne, ina da wani maƙwabci a Babban Giji, ɗalibin kimiyyar sinadarai, wanda mukan fito tare da safe mu jira mota a Gyadi-Gyadi. Wata rana ina duba littafinsa na aji sai na ga zanen wasu zobba biyu masu kusurwa shida-shida, an haɗa su da layi ɗaya, a ƙarƙashinsu an rubuta sunan Ullmann. Da na tambaye shi ko wane ne, sai ya nuna mini cewa shi dai sunan wata hanyar haɗa sinadari ya san shi, kuma al'amarin ba irin wanda za a iya bayaninsa da Hausa ba ne. Wannan magana ta biyu ita ta tsaya mini a rai, ita ce kuma ta sa na bi sawun mutumin.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Fritz Ullmann ran 2 ga watan Yuli, 1875, a garin Fürth na lardin Bavariya, a kudancin Jamus. Garin yana dab da Nuremberg, har ma tsakaninsu aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ta farko a Jamus, a 1835. Daga cikin sana'o'in da Fürth ta yi suna a kansu a wancan zamani akwai yin madubi da niƙa garin tagulla na ado. Na ambaci waɗannan biyu ne domin za mu sake gamuwa da garin ƙarfe da kuma madubi nan gaba, ko da yake ba ina cewa su ne suka ja shi ga aikinsa ba.

Ya fara karatun kimiyyar sinadarai a Nuremberg, sa'an nan ya wuce Jami'ar Geneva a ƙasar Suwizalan, inda ya zauna gaban Carl Graebe, ya sami digirin dakta a 1895 yana ɗan shekara 20. Shi wannan malami nasa ba ƙaramin mutum ba ne. Shi da Carl Liebermann ne, a 1868, suka haɗa jan rinin nan alizarin daga kwaltar da ake samu a jikin kwal, alhali a da daga saiwar wani tsiro ake tatso shi. Ba a jima ba gonakin wannan tsiro a Faransa suka mutu. A 1897 kuma kamfanin BASF ya fito da shuni na masana'anta, wanda ya karya noman baba a Indiya, daga baya ya zo ya yi wa baban karofin Ƙofar Mata da na Kura kishiya. Watau Ullmann ya tashi ne a zamanin da neman sababbin rini shi ne babban abin da ke juya wannan fanni na ilmi, kuma akasarin aikinsa a kan wannan turba ya tafi.

Zobba Biyu da Garin Jan Ƙarfe

Kafin a gane abin da ya yi, dole ne a san mene ne zoben. Akwai wani ruwa mai saurin kama wuta da ake kira benzin, wanda Michael Faraday ya fara ware shi a 1825. Kowace ƙwaya tasa ƙwayoyin zarra shida ne na kabon, kowanne riƙe da haidirojin ɗaya. A 1865 August Kekulé ya nuna cewa waɗannan shida a kewaye suke, kowanne riƙe da na kusa da shi, kamar 'yan mata a dandali. Wannan kewaye shi ake nufi da zobe. Idan aka cire haidirojin ɗaya daga zobe, aka cire ɗaya daga wani zoben, aka ƙulla su a guraben da suka buɗe, to an sami baifenil ke nan, mai kabon 12 da haidirojin 10. Farin abu ne mai ƙyalli da ƙamshi, yana narkewa a zafin digiri 69, yana tafasa a 255.

Faɗar haka ta fi yinsa sauƙi, domin zoben benzin abu ne mai taurin kai, ba ya son a taɓa shi. Rudolph Fittig ya ƙulla zobba biyu a 1862 da taimakon ƙarfen sodiyam, to amma sodiyam ya cika zafin rai, ko ruwa ya taɓa sai ya kama da wuta, kuma yakan lalata sauran abubuwan da ke rataye a jikin zoben. Su kuwa waɗannan ratayen su ne masu rini da masu magani ke bukata.

A 1901, Ullmann yana ɗan shekara 26, shi da abokin aikinsa Jan Bielecki, mutumin Poland, suka buga sakamakon bincikensu a mujallar ƙungiyar masana sinadarai ta Jamus. Sun ɗauki zoben da ke ɗauke da buromin da kuma wani gungun naitirojin da iskar oksijin da ake kira naitiro, suka gauraya shi da lallausan garin jan ƙarfe, suka dafa a zafin da ya kai wajen digiri 200. Sai jan ƙarfen ya janye buromin, zobba biyu suka ƙullu, gungun naitiro kuwa yana nan lafiya lau. Matsayin jan ƙarfe a nan kamar na dillalin aure ne, ya raba kowane zobe da abin da yake riƙe da shi, ya sada shi da ɗan'uwansa. An lura cewa zobe mai ayodin ya fi saurin yarda, sai mai buromin, mai kulorin kuwa sai da lallashi.

Hanyar tana da aibinta. Tana cin wuta, tana cin jan ƙarfe da yawa, abin da ake samu kuma wani lokaci ya yi auki, wani lokaci ya ƙi. Daɗin daɗawa, idan zobba iri biyu ake so a haɗa, sai a sami gauraye iri uku, domin kowane iri yakan auri irinsa. Duk da haka ita aka dogara da ita fiye da shekara 70, har sai da Akira Suzuki na Japan ya fito da hanyar faladiyam a 1979, wadda ta ba shi rabo a kyautar Nobel ta 2010.

Ullmann bai tsaya nan ba. A 1903, shekarar da Turawa suka ci Kano, ya nuna cewa jan ƙarfe na iya ƙulla zobe da naitirojin, a 1905 kuma ya nuna haka game da oksijin. A ganina waɗannan biyu sun fi na farko taɓa rayuwarmu, domin ta wannan ƙulli na naitirojin aka bi wajen haɗa mefakirin, maganin zazzaɓin cizon sauro mai sa fata ta yi rawaya, wanda sojoji suka sha ƙwarai a Yaƙin Duniya na Biyu.

Irma Goldberg

Ba za a yi wa tarihin nan adalci ba in an tsallake matarsa. An haifi Irma Goldberg a Mosko a 1871, ta zo Geneva karatu kamar yadda 'yan matan Rasha da yawa suka yi a lokacin, saboda jami'o'in ƙasarsu ba su buɗe musu ƙofa ba. Da Ullmann ya koma Babbar Makarantar Fasaha ta Berlin a 1905, ita ce mataimakiyarsa a ɗakin bincike. A 1906 ta buga aiki da sunanta ita kaɗai, a kan ƙulla zobe da wani nau'in naitirojin wanda ya fi wuyar sha'ani, kuma har yau da sunanta ake kiran wannan hanya. Mata ƙalilan ne suka sami irin wannan a fannin. Sun yi aure a 1910.

Madubi da Karkatar Haske

A nan ne labarin ya fi daɗi, ko da yake ba da hannun Ullmann aka yi wannan ɓangare ba, da makaminsa dai aka yi.

Haske yana tafiya ne yana kaɗawa ta kowace fuska. Ana iya tace shi ta cikin wani irin gilashi, kamar yadda asabari ke tace rana, har ya zama ta fuska ɗaya tak yake kaɗawa. A 1815 Jean-Baptiste Biot na Faransa ya ga cewa idan tataccen haske ya ratsa ruwan wasu abubuwa, fuskar nan takan karkata, wani abin ya karkatar da ita dama, wani hagu. Ruwan sukari yana cikin masu yin haka. Louis Pasteur a 1848 ya gano cewa irin waɗannan abubuwa tagwaye ne, ɗaya hoton ɗaya ne a madubi, kamar hannun dama da na hagu, yatsunsu ɗaya, amma ba a iya ɗora wannan a kan wancan su daidaita. A 1874 van 't Hoff da Le Bel suka ba da dalili, watau akan sami kabon ɗaya a cikin ƙwayar mai riƙe da abubuwa huɗu mabambanta. Kusan shekara 50 wannan bayani shi ne abin da ɗalibi ke fara nema idan ya ga haske ya karkata.

To baifenil ba shi da irin wannan kabon. Amma a 1922, a Jami'ar Sheffield ta Ingila, George Christie da James Kenner suka ɗauki wani baifenil mai rataye huɗu manya, biyu a kowane zobe, duka a gefen ƙullin, suka raba shi gida biyu, ɗaya yana karkatar da haske dama, ɗaya hagu. Sai a 1926 wasu masana na Ingila, cikinsu har da William Mills, suka warware matsalar.

Ga yadda abin yake. A ɗauki faifai biyu a haɗa bakinsu da tsinke ɗaya. Kowane faifai yana iya juyawa a kan tsinken yadda ya so, haka baifenil tsura yake. To a ɗaura wa kowane faifai ƙulli-ƙullin kaya a gefen tsinken, hagu da dama. Yanzu in aka juya, kayan wannan za su tokare na wancan, kamar mata biyu masu tallan ƙwarya da suka haɗu a ƙunƙuntar lungu. Dole faifan su tsaya a gicciye, ɗaya a kwance, ɗaya a tsaye. Gicciyewar kuwa iri biyu ce, ta dama da ta hagu, kowacce hoton ɗayar a madubi, kuma babu hanyar komawa daga wannan zuwa waccan tun da juyi ya gagara. Idan ratayen ƙanana ne, ko aka zafafa abin ƙwarai, sai su kutsa su wuce juna, karkatar hasken ta ɓace. A 1933 Richard Kuhn ya raɗa wa irin waɗannan tagwaye suna daga kalmomin Girkanci masu ma'anar rashin juyawa.

Wani zai ce ina ruwanmu. Ruwanmu yana cikin angurya. A jikin ƙwayar auduga akwai wasu baƙaƙen ɗigo-ɗigo masu ɗauke da gubar da ake kira gosifol, wadda ƙirarta irin wannan ce, ɓangare biyu a gicciye da suka kasa juyawa, sai dai kowane ɓangare zobe biyu ne a manne. Tana da ta dama da ta hagu, kuma ta hagu ta fi cutarwa. Manyan shanu da tumaki suna iya jure ta gwargwado, domin tumbinsu yana ɗaure ta kafin ta shiga jini, kaji kuwa ba su da wannan kariya, har kwanduwar ƙwansu takan sauya launi in an cika musu ita a abinci. Ban da wannan, magungunan hawan jini irin su losatan da balsatan, da ake sayarwa a kantunan magani na Tarauni, a kan ƙashin baifenil aka gina su. Haka kuma ruwan da ke nuna lambobi a fuskar agogon lantarki na farko-farko, wanda George Gray ya haɗa a Jami'ar Hull a farkon shekarun 1970, shi ma baifenil ne.

Kundinsa da Rasuwarsa

Ullmann ya koyar a Berlin daga 1905 zuwa 1913, sa'an nan daga 1922 zuwa 1925. A tsakanin nan ne ya ɗauki aikin da ya fi ci masa lokaci, watau tattara duk abin da aka sani game da sarrafa sinadarai a masana'antu, daga rini da sabulu da gilashi har zuwa takin zamani, a jera su bisa tsarin abacada. Juzu'i na farko ya fito a 1914, shekarar da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke, aikin kuma bai tsaya ba har ya cika juzu'i 12 a farkon shekarun 1920. Ya sake fitar da bugu na biyu mai juzu'i 10 daga 1928 zuwa 1932.

Da Jamusanci ya rubuta shi, kuma a wancan zamani ɗalibin sinadarai a Ingila ko Amurka sai ya koyi Jamusanci kafin ya yi nisa. Wannan na tuna wa maƙwabcina, na ƙara masa da cewa kalmar da Jamusawa ke kiran oksijin da ita ma ƙirƙirarta suka yi daga kalmominsu na tsami da abu, ba su same ta a bakin kakanninsu ba.

Ya rasu ran 17 ga watan Maris, 1939, yana da shekara 63, wata shida kafin Yaƙin Duniya na Biyu. Wilhelm Foerst ya ci gaba da kundin daga 1951, aka bar sunan Ullmann a kansa. Bugu huɗu na farko duk da Jamusanci suka fito. Na biyar, wanda aka fara a 1985, da Ingilishi aka buga shi.