Waziri Gidaɗo ɗan Laima, Jakadan Sarkin Musulmi

An haifi Usmanu Gidaɗo ɗan Laima wajen shekarar 1776. Tun yana saurayi ya shiga jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya yi karatu a cikinta, ya zama amini ga Muhammadu Bello, kāna Shehu ya aurar masa da 'yarsa Nana Asma'u. Da jihadi ya tashi cikin 1804 aka ga yana da hankali da riƙon asiri, sai aka riƙa aikensa. A zamanin nan ba waya, ba gidan waya. Takarda ba ta tafiya sai da mutum, mutumin kuwa shi zai faɗi abin da alƙalami ya ji nauyin rubutawa, ya kuma komo da labarin fuskar da aka yi sa'ad da ake karantawa. Sa'ad da gardama ta yi tsanani tsakanin Bello da Shehu Laminu na Barno a kan halaccin yaƙin, Gidaɗo na cikin waɗanda aka amince wa da wannan aike.

Shehu ya rasu cikin 1817, aka naɗa Bello Sarkin Musulmi, shi kuma ya ba Gidaɗo wazirci. Aikin Waziri shi ne ya zama ƙofa. Ta hannunsa takardun sarakunan gabas, kamar na Kano da Zazzau, ke shiga, ta hannunsa amsa ke fita, in kuwa rikici ya taso shi ke ɗaura sirdi ya tafi da kansa. Duk wanda ya taɓa ɗaukar saƙon Sarkin Katsina zuwa ga Sarkin Maska a Funtuwa, ko Galadima a Malumfashi, ya san nauyin abin, ko da yake na Waziri tafiyar watanni ce.

Cikin watan Maris 1824 sai ga wani baƙo irin wanda Sakkwato ba ta saba gani ba, Bature, Kyaftin Clapperton, wanda ake kira Abdullahi a hanya. Ya keto hamada daga Tarabulus, ya biyo ta Barno da Kano. Aka ba Waziri saukarsa. Kullum abinci na zuwa, in zai ga Sarkin Musulmi Waziri ke shigar da shi, in ya fito su zauna su yi taɗi. A cikin kwanakin nan ne agana ta kashe wa Gidaɗo ɗa wanda yake ƙauna ƙwarai, amma wannan bai sa ya yi sakaci da baƙonsa ba. Baturen da kansa ya rubuta yabonsa cikin littafinsa.

Abin da aka shirya ba ƙarami ba ne. Bello ya yarda Sarkin Ingila ya aiko da wakili wanda zai zauna a ƙasarsa, tare da likita. Ya yarda a buɗe ciniki ta bakin teku, a kuma hana fataken ƙasarsa kai bayi can. Aka rubuta takarda da Larabci zuwa ga Sarki Joji na Huɗu, Clapperton ya tashi da ita cikin watan Mayu. Wakili mazauni kuwa, watau abin da yau ake kira ofishin jakadanci, amfaninsa shi ne kada magana ta yi sanyi tsakanin aike da aike. To, rashinsa ne ya ɓata wannan shiri. An yi alkawarin manzannin Bello za su tarye shi a Raka da Funda, ana zaton garuruwan bakin teku ne, ashe suna can cikin ƙasa nesa da ruwan gishiri. Da ya komo ƙarshen 1825 bai sami kowa ba. Ya sauka Badagiri ya kama hanya ta ƙasar Yarabawa da Busa da Nufe da Zariya, abokan tafiyarsa Turawa duk suka salwanta, har da likitocin, sai baransa Richard Lander kaɗai.

Ya iso Kano cikin 1826, ya tarar duniya ta sāke. Yaƙi ya tashi tsakanin Sakkwato da Barno, shi kuwa ga shi ɗauke da takarda da kyautai, har da makamai, zuwa ga Shehu Laminu. Nan aka ga iyakar abota. Gidaɗo ya tarye shi da murna, suka tafi tare zuwa wurin Sarkin Musulmi, amma da umurni ya fito a karɓe takardar Barno da kayan, bai ja da baya ba. Clapperton ya husata, ya yi maganganu masu zafi, yana ganin an keta alfarmar manzo. Yana da gaskiyarsa. Amma wane sarki ne zai bar bindiga ta ratsa ƙasarsa zuwa hannun wanda ya ɗaura masa yaƙi? Waziri ya haɗiye zafin maganar, bai kori baƙo ba, bai kuwa saɓa wa ubangidansa ba.

Farkon 1827 rundunar Barno ta doso Kano, aka aiki Waziri can don ya tara sarakuna, har Yakubun Bauchi ya mai da Shehu Laminu baya. Clapperton kuwa ciwo ya kwantar da shi a Sakkwato, ya mutu ran 13 ga Afrilu 1827. Lander ya binne shi a bayan gari, aka sallame shi ya koma gida da takardun ubangidansa. Wakilin da aka yi alkawari bai taɓa zuwa ba.

Gidaɗo ya riƙe wazirci har rasuwar Bello cikin 1837, ya kuma yi wa Sarkin Musulmi Atiku aiki. Daga baya ya sauka, ɗansa Abdulƙadir ya gaje shi. Sauran kwanakinsa ya ƙare su wajen rubuta labarin Shehu da na Bello, shi da Nana Asma'u, don kada abin da suka gani da ido ya ɓace. Daga cikin littattafansa akwai Raulul Jinani. Ya rasu cikin 1851, Allah ya ji ƙansa. Bayan shekara biyu wani Bature, Barth, ya zo da saƙon Ingila, Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya ba shi takardar aminci domin fatakensu. Wazirci kuwa ya zauna a gidan Gidaɗo, daga Abdulƙadir har Buhari wanda Turawa suka tarar cikin 1903, har Waziri Junaidu wanda ya rasu cikin 1997.