Likita Jeanette Troup ta Asibitin Jankwano

Duk wanda ya tashi a ƙasar Tangale ko Waja ya san Turawan Mishan na S.I.M., da wuya kuma a ce bai ji sunan asibitinsu na Jos ba, wanda a ke kira Jankwano. To, a nan ne wata likita 'yar Amurka mai suna Jeanette Troup ta yi aiki har ajalinta ya zo cikin 1970, tana da shekara 46. Mutanen Gombe sun san zazzaɓin Lassa sarai, gama kusan kowane rani sai an ji labarinsa, amma kaɗan ne suka san wannan mata, alhali kuwa tana cikin likitocin da suka fara rubuta kamanninsa.

Ga yadda abin ya faru. Lassa gari ne na Margi a ƙasar Barno, a lokacin kuwa jiharmu ɗaya da su, watau Jihar Arewa Maso Gabas. Cikin Janairu 1969 wata tsohuwar nas ta asibitin mishan na can, Laura Wine, ta kwanta da zazzaɓi da ciwon baya, maƙogwaronta duk ya yi gyambo. Aka ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro, a banza. Aka yi mata allurar fenisilin, ita ma haka. Sai aka ɗauko ta cikin ƙaramin jirgin sama zuwa Jos, aka kwantar da ita a asibitin Bingham a hannun Likita Troup. Ba ta daɗe ba ta cika.

Wata nas da ta yi jinyarta, Charlotte Shaw, tana da ɗan rauni a yatsa, ƙayar fure ta soke ta, da wannan hannu kuwa ta share wa majinyaciyar baki. Cikin Fabrairu ita ma ta rasu.

A nan ne halin Likita Troup ya fito. Da wani ne, sai ya ce ƙaddara ce, a binne gawa a huta. Ita kuwa ta ga cewa tun da cutar ba ta jin magani, ba ta kuma cikin littattafan likita, ba yadda za a san ta sai an duba abin da ta ke yi wa cikin mutum. Saboda haka ta buɗe gawar ta bincika, ta rubuta ɓarnar da ta gani a hanta da sauran kayan ciki, ta kuma ajiye jinin da ta ɗiba. Nas ta uku da ta taimake ta, Penny Pinneo, ita ma ta kamu. Aka kai ta Ikko, daga nan sai Niyok, tare da kwalaben jinin. Ta sha jinya mako da mako, amma ta tashi.

Cikin wannan jini ne masana na Jami'ar Yale suka gano ƙwayar cutar, sabuwa ce fil, aka sa mata sunan Lassa. Ko a can ma ba ta bar su ba. Ɗaya daga cikinsu, Likita Jordi Casals, ya kamu, sai aka ɗebi ruwan jinin Pinneo aka ƙara masa, don jinin wanda ya warke yana ɗauke da abin da ke yaƙi da cutar. Ya rayu. Wani ma'aikacinsu kuwa ya mutu, har aka tsai da aikin aka mayar Atlanta.

Janairu 1970, ana cikin murnar ƙarewar yaƙin basasa, sai cutar ta ɓulla a ɗakin mata na Jankwano. Wannan karo ba Turawa ba ne, mutanenmu ne: majinyata, da masu zaman jinya, da ma'aikatan asibiti. Mutum 28 suka kamu, kusan rabinsu suka mutu. Ni dai a ganina waɗannan ma sun cancanci a riƙa tunawa da su, ko da ya ke ba sunayensu a kan ambata ba.

Likita Troup ta yi zaton cutar bara ce ta dawo, amma zato ba shi ne sani ba. Ta san abin da ya kashe abokan aikinta biyu, ta san ta ɗan rauni ya ke shiga, duk da haka ta sāke ɗaukar wuƙa. Wajen ƙarshen watan, tana cikin binciken wata gawa, wuƙar ta zame ta huda safar hannunta ta yanke ta. Ta wanke wurin, ta ci gaba da duba majinyata. Bayan kwanaki zazzaɓi ya rufe ta. Ba wanda ya fi ta sanin abin da zai biyo baya.

Aka aika Amurka. Pinneo ta taso da niyyar a yi mata irin abin da aka yi wa Casals, amma kafin ta iso Jos an riga an yi jana'iza. Likita Troup ta rasu ran 18 ga Fabrairu 1970, aka binne ta a Miango. Cikin shekarar nan aka buga rahoton annobar Jos a wata mujallar likitoci ta Amurka, sunanta ne na fari cikin marubutan.

Abu ɗaya ta mutu ba ta sani ba, watau inda cutar ke fitowa. Sai cikin 1972, da ta ɓulla a Saliyo, aka kama ɓeraye aka auna, aka tarar wani ɓera ne mai nonuwa da yawa ke ɗauke da ita, yana zuba ta cikin fitsarinsa da kashinsa. Irinsa ne ya ke shiga rumbunanmu, ya ke kuma bin hatsi da garin rogo da a kan shanya a bakin hanya da rani.