Togo, Sarkin Yaƙin Teku na Japan

Ni dai ban taɓa ganin teku ba, ruwan da na sani bai wuce kogin garinmu ba. Amma wata rana a laburaren makaranta na ga hoton wata manuwa, watau jirgin ruwan yaƙi, mai suna Mikasa. Da na bi labarinta sai na iske labarin mai ita ya fi daɗi. Shi ne nake so in ba 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

An haifi Togo Heihachiro a Kagoshima, kudancin Japan, cikin 1848. Yana da shekara 15, a 1863, jiragen yaƙin Ingila guda bakwai suka yi wa garinsu ruwan wuta, suka ƙone wani sashe nasa. Togo yana cikin samarin da suka tsaya a bakin igwa suna mai da martani. A ranar ya ga abin da jirgin ruwa mai manyan bindigogi zai iya yi wa gari.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne bai zauna yana zagin Ingilishi ba. A 1871 sai ya tafi ƙasarsu neman ilmin da suka fi shi da shi. Ya yi shekara bakwai can. Ya yi karatu a jirgin horo mai suna Worcester, ya kuma zaga duniya cikin jirgi mai filafilai yana aikin ƙaramin matuƙi. A 1878 ya komo gida.

A 1904 yaƙi ya tashi tsakanin Japan da Rasha, Togo ne shugaban rundunar ruwa. A zamanin nan ƙarfin ƙasa a teku shi ne yawan manyan manuwowinta. Mikasa, wadda Togo yake ciki, a Ingila aka ƙera ta. Nauyinta wajen tan 15,000 ne, jikinta sulken ƙarfe, tana da manyan igwa huɗu masu faɗin baki inci 12. Irinta shida Togo yake da su, amma cikin watan Mayu nakiya ta hallaka biyu a rana ɗaya. Saura huɗu ke nan.

Rasha ta taso da wata runduna tun daga Turai a watan Oktoba 1904. Manyan jiragen suka zagayo Afirka, har suka tsaya Dakar ɗaukar kwal. Sai da suka yi wata bakwai a hanya. Togo kuwa ya yi amfani da lokacin wajen gyara jiragensa da horar da maharba.

Ran 27 ga Mayu 1905, watau shekara biyu bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato, aka gamu a mashigin Tsushima, tsakanin Japan da Koriya. Togo ya juya jiragensa a gaban abokan gaba, ya gitta musu hanya, don igwoginsa duka su sami abin harbi, su kuwa na gaba kaɗai ke iya harbi sosai. Yana tsaye a fili bisa Mikasa, an same ta fiye da sau 30, bai gusa ba. Kashegari yaƙi ya ƙare. Cikin manyan manuwowin Rasha takwas, shida sun nitse, biyu an kama. Rasha ta yi hasarar mutum fiye da 4,000, Japan kuwa 117 da ƙananan jirage uku. Kwamandan Rasha, Rozhestvensky, an kama shi da rauni, Togo ya je har asibiti ya gaishe shi. Wannan hali ya fi nasarar burge ni.

Duniya ta ɗauki darasi cewa babbar igwa mai cin nisa ita ce sarauniya. A 1906 Ingila ta fito da Dreadnought mai igwa goma masu inci 12, ƙasashe suka shiga gasa. Togo ya rasu a 1934 yana mai girma ƙwarai, magadansa suna ta mafarkin wata Tsushima. Suka ƙera Yamato, wadda ita da 'yar'uwarta suka fi kowace manuwa girma. Amma in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. A 1945 jiragen saman Amurka suka nitsar da ita, ba tare da wata manuwa ta harbe ta ba.

Har yanzu Mikasa tana nan a Yokosuka, an mai da ita gidan tarihi. Abin da na koya shi ne Togo ya ci nasara don ya yarda ya koyi sabon abu, ko da a hannun wanda ya ƙone garinsu. Na bayansa kuwa suka riƙe tsohon darasinsa, suka manta da halinsa. Mu ɗalibai, sai mu zaɓi wanda za mu kwaikwaya.