MARIGAYI DOKTA JAMES NAISMITH DA ƘUNGIYAR KANSAS TA 1899

A wannan fitowa na ga ya dace in kawo mana tarihin malamin da ya ƙago ƙwallon kwando, da yadda ƙungiyarsa ta farko ta yi a fagen wasa. Da yawa daga cikinmu sun jefa ƙwallo a raga, amma kaɗan ne suka san mai ita.

An haifi James Naismith ranar 6 ga Nuwamba, 1861, a kusa da garin Almonte na ƙasar Kanada. Yana ɗan shekara tara zazzaɓin taifod ya kashe iyayensa duka biyu, riƙonsa ya koma hannun dangin mahaifiyarsa. Ya taɓa barin sakandare ya shiga aikin saran katako a daji, daga baya ya dawo aji ya kammala. Ya sami digiri a Jami'ar McGill a 1887, sannan ya yi karatun addinin Kirista, kafin ya ƙetara Amurka zuwa makarantar horar da ma'aikatan ƙungiyar YMCA da ke Springfield.

A can ne, cikin Disambar 1891, shugaban sashensa, Dokta Luther Gulick, ya ɗora masa aikin nemo wasan da za a yi a cikin ɗaki, domin sanyin hunturu ya hana ɗalibai fita, zaman ya gundure su. Naismith ya rubuta dokoki 13, ya sa aka kafa kwanduna biyu na zuba 'ya'yan itace a tsawon ƙafa 10 daga ƙasa, ya raba ɗalibai 18 gida biyu, ya miƙa musu ƙwallon ƙafa. Ya hana gudu da ƙwallo a hannu don kada a riƙa bangazar juna.

Bayan ya yi karatun likita a Denver, sai Jami'ar Kansas da ke garin Lawrence ta ɗauke shi a 1898, ya kula da ɗakin ibada da kuma darasin motsa jiki. Nan ya haɗa ƙungiyar ƙwallon kwando ta farko ta jami'ar. Ranar 3 ga Fabrairu, 1899, suka buga wasansu na farko da 'yan YMCA na birnin Kansas City, aka lallasa su da maki 16 da 5. Sai ku duba, ga mai wasa da kansa a wurin, amma yaransa suka sha kashi! Duk da haka ba su karaya ba. Kafin kakar ta ƙare sun buga wasa 11, suka ci 7, aka cinye su a 4. Yawancin abokan karawarsu ƙungiyoyin YMCA ne na garuruwan kusa, saboda a lokacin jami'o'in da ke da ƙungiya ba su da yawa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne halinsa a waɗannan wasanni. Sau da yawa shi ne ke yin alƙalanci, maimakon ya zauna gefe yana tsara wa yaransa dabarun cin nasara. A ganinsa, an yi wasan ne don gina jiki da gyaran hali, kofi kuwa daga baya yake. Cikin kaka tara da ya riƙe ƙungiyar, zuwa 1907, ya ci wasa 55, ya faɗi 60. A tarihin ƙungiyar maza ta wannan jami'a, shi kaɗai ne mai horarwa da faɗuwarsa ta fi cinsa yawa.

To, amma ni ban ga gazawa a nan ba. Ɗalibinsa Forrest Allen, wanda ake kira Phog, shi ya gaje shi, ya yi kaka 39 yana horar da ƙungiyar, ya ɗauki kofin jami'o'in Amurka a 1952. Daga hannun Allen kuma aka sami Adolph Rupp da Dean Smith, manyan masu horarwa. Haka nan John McLendon, baƙar fata da ya yi karatu a Kansas a zamanin wariyar launin fata, Naismith ne ya tsaya masa, ya kuma zama shahararren mai horarwa.

Naismith ya ga amfanin shukarsa da idonsa. A 1936 aka sa ƙwallon kwando cikin wasannin Olamfik a Berlin, shi ne kuma ya raba lambobin yabo bayan Amurka ta doke Kanada da maki 19 da 8 a cikin ruwan sama. Ya rasu a Lawrence ranar 28 ga Nuwamba, 1939. A 2010 aka sayar da takardu biyu na dokokin nan 13 kan kuɗi sama da dala miliyan 4, wanda ya saye su ya bai wa Jami'ar Kansas.

Malamanmu da suka sha rana a filin wasa ba tare da sun kawo kofi ba, wannan tarihi naku ne. Ba a makin kaka guda ake auna malami ba, a ɗalibansa ake auna shi.