Likita Wilder Penfield, Wanda Ya Zana Taswirar Ƙwaƙwalwa

Cikin likitocin da suka yi suna wajen fiɗar ƙwaƙwalwa, da wuya a sami wanda ya kai Wilder Penfield. Abin da ya ɗaukaka shi kuwa shi ne, yakan buɗe ƙoƙon kan majinyaci yana farke, ya riƙa taɓa ƙwaƙwalwarsa da 'yar wutar lantarki yana tambayarsa abin da ya ji. Da haka ya raba mutane da yawa da farfaɗiya.

An haife shi ran 26 ga Janairu, 1891, a garin Spokane na ƙasar Amurka. Ya gama karatu a jami'ar Princeton cikin 1913, sa'an nan ya tafi Oxford ta Ingila, inda ya zauna gaban Sir Charles Sherrington, babban masanin jijiyoyi. Cikin 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko, ya shiga jirgin ruwa mai suna Sussex za shi Faransa taimakon masu rauni, sai jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ya harbe su. Ya ji ciwo ƙwarai a ƙafa, amma ya tsira da ransa. Da ya warke ya koma Amurka, ya sami takardar shaidar likita a Johns Hopkins cikin 1918.

Bayan ya yi shekaru yana aiki a New York, cikin 1928 ya tafi garin Breslau na Jamus wurin Likita Otfrid Foerster. Shi Foerster ya daɗe yana yi wa sojojin da aka harba a ka aiki, waɗanda tabon raunin ya jawo musu farfaɗiya. A wurinsa Penfield ya ƙware da yi wa mutum fiɗa ba tare da an sa shi barci ba. Asirin abin shi ne, ita ƙwaƙwalwa ba ta jin zafin yanka. In an kashe fatar kai da allura, ana iya buɗe ƙashi mutum na kwance yana magana.

Cikin wannan shekara ya ƙaura zuwa Montreal ta ƙasar Kanada. Bai daɗe da sauka ba aka kawo masa 'yar'uwarsa Ruth, uwa ɗaya uba ɗaya, da ƙari a gaban ƙwaƙwalwarta. Ya daure ya yi mata aikin da hannunsa, ya cire yanki babba, amma ya tarar ƙarin ya yi rassa inda wuƙa ba ta isa. Ta ƙara 'yan shekaru, ta rasu cikin 1931. Wannan rashi ya ƙara masa himma ga neman a gina gida guda inda likitocin fiɗa da masu bincike za su yi aiki tare. Asusun Rockefeller ya ba da fiye da dala miliyan ɗaya, aka buɗe Cibiyar Ciwon Jijiyoyi ta Montreal cikin 1934, shi ne shugabanta.

Ga yadda aikin ya ke. Sau da yawa farfaɗiya takan taso daga wani ɗan wuri guda da ya lalace a ƙwaƙwalwa. In aka cire shi ciwon yakan tafi, amma in wuƙa ta kauce kaɗan sai mutum ya tashi bebe ko shanyayye. Saboda haka kafin ya yanka, Penfield yakan ɗora bakin wata siririyar waya a wuri bayan wuri. Ya taɓa nan yatsa ya motsa, ya taɓa can leɓe ya yi tsam, wani wurin kuma magana ta tsaya cak. Ko wane wuri sai ya ajiye masa 'yar takarda mai lamba, magatakarda na gefe yana rubutawa. In ya dace da inda majinyaci ya ji alamar da kan zo masa kafin ya faɗi, to, an kusa gano tushen ciwon ke nan. Abokin aikinsa Herbert Jasper kuma yana taimakonsa da na'urar da ke auna wutar ƙwaƙwalwa.

Da waɗannan rubuce-rubuce suka taru, cikin 1937 shi da Edwin Boldrey suka fid da taswira mai nuna rabon ko wace gaɓa a ƙwaƙwalwa. Sai ga shi hannu da leɓe da harshe sun kwashe fili mai yawa, baya kuwa duk faɗinsa kaɗan ya samu. Har yau ana koya wa ɗaliban likitanci wannan taswira. Ya kuma lura cewa in ya taɓa sashen da ke daura da kunne, wasu kan ji waƙa ko muryoyi, kamar wani abin da ya wuce ya dawo. Shi ya ɗauka ya sami rumbun da a ke ajiye tunani, amma 40 kaɗai cikin 520 suka ji haka, masana na baya kuwa ba su yarda da fassararsa duka ba.

Aikin bai rasa asara ba. Majinyata biyu da ya yi wa fiɗa sun tashi ba sa iya riƙe sabon abu a ka. Bai ɓoye ba, ya buga labarinsu tare da Brenda Milner, aka gane haɗarin taɓa wannan sashe.

Ya ajiye aiki cikin 1960, ya koma rubuta littattafai, ya rasu a Montreal ran 5 ga Afrilu, 1976, yana da shekara 85. Shi wutar lantarki ta zame masa abin neman hanya ne kawai. Cikin 1987 Likita Alim-Louis Benabid na Grenoble ta Faransa ya nuna cewa wutar kanta magani ce, in an dasa waya can cikin ƙwaƙwalwa tana kwantar da karkarwar jiki. Masu wannan aiki a yau, da yawansu har yanzu sukan bar majinyaci a farke su tambaye shi abin da ya ji, kamar yadda Penfield ya yi.