Paolo Veronese, Mai Zanen Bikin Aure na Kana (1528–1588)

A Lahadi ta biyu ta Lokacin Yau da Kullum, a shekarar C, muna jin Bisharar Yohanna sura ta 2, inda Ubangijinmu ya mai da ruwa ruwan inabi a Kana ta Galili. Masu zanen hotuna da dama sun gwada hannunsu a kan wannan biki, amma wanda sunansa ya fi fita shi ne Paolo Caliari, wanda duniya ta sani da laƙabin Veronese, wato mutumin Verona.

An haife shi a birnin Verona na ƙasar Italiya a shekara ta 1528. Mahaifinsa masassaƙin dutse ne. Tun yana yaro aka kai shi koyon zane wurin Antonio Badile, wanda daga baya ya zama surukinsa, gama ya auri 'yarsa Elena a 1566. Wajen shekara ta 1553 ya koma Venis, birnin fatake da aka gina a kan ruwa, inda dukiya ta yawaita, kuma attajirai ke gasar ƙawata majami'u. Nan da nan aka ba shi aiki a fadar shugaban birnin, sa'an nan a majami'ar Waliyyi Sebastian, wadda ya shafe shekaru yana yi wa rufinta da bangayenta ado.

A watan Yuni na 1562 sufaye mabiya Waliyyi Benedict, mazauna tsibirin San Giorgio Maggiore, suka ƙulla yarjejeniya da shi, ya zana musu bikin Kana a bangon ƙarshe na sabon ɗakin cin abincinsu. Ladansa shi ne kuɗi dukat 324, da ciyarwa muddin yana aiki, da ganga guda ta ruwan inabi. Cikin wata goma sha biyar ya gama. Faɗin hoton ya kusa mita 10, tsayinsa ya kusa mita 7, mutanen da ke ciki kuwa sun kai wajen 130.

Wanda ya fara ganinsa zai ce ai wannan ba ƙauyen Galili ba ne, liyafar masu sarauta ce. Ga dogayen ginshiƙai, ga tufafin alharini, ga akusan azurfa, ga makaɗa, ga barori suna kai da kawowa, har da karnuka a gaban tebur. Amma sai ido ya natsu kafin a ga abin da mai zanen ya shirya. Ango da amaryar ranar an tura su can ƙarshen tebur ta hannun hagu. A tsakiya sosai, a mazaunin da ya cancanci mai biki, Yesu ne zaune, haske kewaye da kansa, Uwarsa Maryamu a gefensa. Kowa yana cikin hidimarsa ko hirarsa, shi kuwa yana duban mai kallo kai tsaye.

Veronese bai ƙago wannan daga kansa ba. Tun da daɗewa Waliyyi Agustin ya koyar cewa angon Kana yana matsayin Kristi ne, wanda ya ajiye ruwan inabi mafi kyau sai daga baya. Waliyyi Bulus, cikin wasiƙarsa zuwa ga Afisawa sura ta 5, ya kwatanta ƙaunar miji ga matarsa da ƙaunar Kristi ga Ikkilisiya, Ru'ya ta Yohanna kuma ta rufe da bikin auren Ɗan Ragon. In Kristi ne Angon, to, ina amaryarsa? A ganinmu tana wajen hoton. Sufayen da ke zaune a ƙasansa suna cin abinci shiru, suna sauraron karatu kamar yadda ƙa'idarsu ta umarta, su ne yake kallo, kuma teburinsu ya zama ci-gaban nasa.

Akwai kuma abin da ke sanyaya jiki. Daidai bisa kan Yesu, a kan wani dandali, barori suna datsa nama da wuƙa, abin da masana da yawa suke ɗauka alamar Ɗan Rago na hadaya ne. A gabansa, kan teburin makaɗa, an ajiye agogon yashi, abin tuni ga sa'arsa da ba ta yi ba tukuna. Sadakin wannan aure jini ne, kuma mai zanen ya sa shi a fili, sai dai hayaniyar biki takan ɗauke hankalin mai gaggawa.

Wannan son taro da ado ya kusa jawo masa wahala. Majalisar Trent, wadda ta ƙare a 1563, ta ja kunnen bishop-bishop su sa ido kan hotunan da ake sawa a wurare masu tsarki. A ranar 18 ga Yuli 1573 kotun Ikkilisiya mai binciken koyarwa ta kira shi saboda hoton Jibin Ƙarshe da ya yi wa 'yan ɗarikar Waliyyi Dominik. Alƙalan suka tambaye shi dalilin sa sojojin Jamus, da wadanni, da wawan fada riƙe da aku, da wani bara mai haɓo, a wurin da Ubangiji ya kafa Yukaristiya. Ya amsa cewa masu zane suna da irin 'yancin da mawaƙa da mahaukata suke da shi, kuma in fili ya ragu yakan cika shi yadda ya ga ya dace. Aka ba shi wata uku ya gyara da kuɗin aljihunsa. Maimakon ya goge mutanen, sai ya sake wa hoton suna, ya zama Biki a Gidan Lawi, bisa ga Luka sura ta 5, inda Yesu ya ci abinci da masu karɓar haraji da masu zunubi. Ba za mu ce alƙalan ba su da hujja ba, gama Jibin Ubangiji ba wurin wasa ba ne. Amma dabararsa ta dace da Bishara, maganar kuma ta mutu a nan.

Bai bar zancen Ango da amarya ba. Ya zana wa gidan sistoci na Santa Caterina hoton Waliyyiya Katarina ta Iskandariya, tana sanye da tufafin sarauniya, Jariri Yesu a cinyar Uwarsa yana sa mata zobe, mala'iku suna kiɗa. Matan da suka keɓe kansu ga Kristi suna ganin alkawarinsu a cikinsa kowace rana.

Ya rasu a watan Afrilu na 1588, aka binne shi a majami'ar Waliyyi Sebastian, ƙanensa Benedetto da 'ya'yansa suka ci gaba da sana'ar. Hoton Kana ya zauna a bangonsa har 1797, sa'ad da sojojin Napoleon suka cire shi, suka yanka shi, suka naɗe, suka kai Paris. Ba a mayar da shi ba. Yana gidan tarihi na Louvre, a ɗaki ɗaya da Mona Lisa, inda yawancin baƙi ke juya masa baya don su ɗauki hoton wancan ƙaramin. A shekara ta 2007 aka kafa kwafinsa, daidai girmansa, a tsohon ɗakin cin abincin sufayen.