Marigayi Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, Mai Littafin Shaihu Umar

Duk mutumin Misau ko Azare ko Katagum da neman abinci ya kawo shi Ikko ya san dandalin Tafawa Ɓalewa, ya kuma san fuskar da ke jikin takardar naira biyar. Amma kaɗan ne daga cikinmu ke tuna cewa mutumin nan na lardinmu, tun kafin siyasa ta ja shi, marubuci ne.

An haifi Alhaji Sa Abubakar a garin Tafawa Ɓalewa cikin ƙasar Bauci a shekarar 1912. Ya yi karatu a Bauci, daga nan ya wuce Kwalejin Katsina a 1928, ya fito a 1933, ya komo Midil ta Bauci yana koyarwa. A shekarar nan ce Hukumar Fassara ta Zariya ta sa gasar rubuta labarai da Hausa. Malamin, yana ɗan shekara ashirin da ɗaya kacal, ya aika da nasa, watau Shaihu Umar, aka buga shi a 1934 tare da su Ruwan Bagaja da Ganɗoki.

Su waɗancan littattafai ban dariya da jaruntaka suka sa gaba. Nasa kuwa ba haka ba. Wani malami ne a Rauta, kusa da Bauci, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, ya shiga ba su labari. An sace shi yana yaro a zamanin cinikin bayi, ya faɗa hannun wani Balarabe, Abdulkarim, wanda ya kai shi ƙasar Masar ya ba shi ilmi. Uwar kuwa ta kasa zama, ta bi sawun ɗanta, ita ma aka sayar da ita. Sai a Tarabulus suka sadu, ta tsufa ta ƙare, ba a jima ba ta cika. Wanda ya baro tsohuwarsa a gida ya yi shekaru bai je ba, ba sai an yi masa bayanin wannan wuri ba.

Sauran tarihin sananne ne. Ya tafi Landan ƙaro ilmi a 1945, ya zama minista a 1952, Firayim Minista a 1957, shi ya karɓi mulkin kai a 1960. A daren 15 ga Janairu 1966 sojoji suka ɗauke shi daga gidansa a Ikko, bayan kwanaki aka tsinci gawarsa a bakin hanya, aka kai shi Bauci aka binne. Allah ya jiƙansa.

Bai ga abin da littafinsa ya zama ba. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mai da shi wasan kwaikwayo, aka buga a 1975. A 1976 Adamu Halilu ya ɗauke shi a fim da Hausa, shi Umaru Ladan ɗin ne ya fito a Shaihun. A ganina aikin nan ya fi na mai fitowa a sarki ko barde wuya. Mutumin da aka raba da uwarsa, ya kuma yarda da ƙaddara, ba ya ihu, ba ya birgima. Dole ɗan wasa ya zauna a buzu ya yi magana a natse, amma mai kallo ya gane akwai ciwo a ƙarƙashin natsuwar. Marubucin ma da irin wannan natsuwa aka san shi, har ana yi masa laƙabi da mai muryar zinariya.

Fim ɗin ya yi shekaru da yawa ba a ganinsa, har aka ɗauka ya ɓace. A 2016 aka gano faifansa cikin ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na birnin Balin a 2018.